Minsharin da numfashi ke ɗaukewa a cikinsa: dannau ne ko cuta?

"Assalamu alaikum Likita. Maigidana direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Kano da Abuja, shekarunsa 47. Tun da muka yi aure yake minshari, amma shekara uku ke nan abin ya ƙazanta, har maƙwabta suna ji. Abin da ke tsorata ni shi ne, yana cikin minsharin sai ya yi tsit, numfashi ya ɗauke, sai can ya ja wani irin numfashi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe. Yakan tashi fitsari sau uku ko huɗu, da safe ya ce kansa na ciwo, da rana kuma ko hira ake yi sai a ga yana gyangyaɗi. Yana shan maganin hawan jini kala uku amma jinin ya ƙi sauka. Sau biyu ya farka ya ce an danne shi, ya kasa motsi. Hajiyarsu ta ce dannau ne, a yi masa rubutu. Wani abokinsa ya ce a kai shi wurin wanzami a cire masa belu, mai kemis kuma ya ba shi ƙwayar barci. Ni kaina yanzu barci ya ƙaurace mini. Don Allah me ke damunsa?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri, domin irin lurar da kika yi ita ce rabin aikin likita a wannan matsala. Mai barci ba ya ganin barcinsa, na kusa da shi ne ke gani. Abin da kike son sani shi ne ko ɗaukewar numfashin nan da dannewar da ya ji abu ɗaya ne, ko suna da alaƙa da hawan jinin da ya ƙi jin magani, da kuma wace shawara za ku bi cikin waɗanda aka ba ku. Tun daga farko zan gaya miki abin da nake zato: duk alamomin da kika zana sun yi daidai da cutar toshewar hanyar numfashi a cikin barci, wadda a asibiti za ki ji ana ce mata afniya. Cuta ce sananniya, tana da magani, kuma ga mai riƙe sitiyari ba a jinkirta ta.

Yadda barci yake

Mu a ido barci abu ɗaya ne, a kwanta a tashi. A jiki kuwa zagaye yake yi, kowane zagaye kamar minti 90, sau huɗu zuwa shida a dare. Ana farawa da barci marar nauyi, a gangara cikin mai nauyi, sannan a shiga barcin mafarki, wanda Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka gano a Jami'ar Shikago a 1953, da suka lura idanun mai barci suna jujjuyawa da sauri a ƙarƙashin fata. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, na mafarki kuma ya fi tsawo idan asuba ta gabato. Baligi yana bukatar awa bakwai zuwa tara, amma yawan awannin kaɗai ba ya wadatarwa, sai an bar zagayen nan ya cika ba a tsinka shi ba. A cikin lafiyayyen barci bugun zuciya yana lafawa, jini yana sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, tsokoki suna saki. Sakin tsokar nan shi ne mafarin matsalar maigidanki.

Daga bayan hanci zuwa saman maƙogwaro, hanyar da iska ke bi ba ta da ƙashi ko guringuntsin da zai tokare ta. Tsoka ce kawai ke riƙe ta a buɗe. Ki tuna tsinken shan lemo idan ya yi laushi, ana zuƙa da ƙarfi sai ya manne. Idan mutum ya yi barci tsokar ta saki, harshe ya koma baya, gandar sama ta sauko, hanya ta ƙuntace, iskar da ke kutsawa tana kaɗa naman wurin. Wannan kaɗawar ita ce minshari. Idan hanyar ta rufe ruf, minshari ya tsaya, shi ne tsit ɗin da kike ji. Ki duba ƙirjinsa da cikinsa a lokacin, za ki ga suna ta motsi, yana ƙoƙarin jan iska amma ba ta wucewa. Iskar oksijin ta fara raguwa a jini, ƙwaƙwalwa ta ji haɗari, ta zaburar da shi na 'yan daƙiƙu, tsokar ta ɗaure, hanya ta buɗe, ya ja dogon numfashin nan mai ƙara, ya koma barci ba tare da ya san ya farka ba. Bayan ɗan lokaci a sake.

Likitoci suna ƙirga duk tsayawa ko raguwar numfashi da ta kai daƙiƙa 10. Sau 5 zuwa 14 a awa guda, cutar mai sauƙi ce. 15 zuwa 29 matsakaiciya. Daga 30 zuwa sama ta yi tsanani. Wanda ke yin sau 30 a awa, cikin barcin awa bakwai an tashe shi sau 210. Yaya za a yi ya wayi gari da ƙarfi? Shi ya sa nake jin ciwo idan na ji ana cewa mai minshari ya fi kowa more barci. Sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa rashin barci a gidan, shi da matarsa.

Daga nan sauran alamomin duk suke fitowa. Kowace zabura tana zuba sinadarin firgita a jini, jijiyoyi su matse, jini ya hau a daidai lokacin da ya kamata ya sauka. Idan aka shekara ana haka, hawan sai ya zauna har da rana. Duk wanda ya zo mini yana shan maganin hawan jini kala uku yadda aka rubuta masa amma jini bai daidaita ba, cikin abubuwan da nake fara tambaya akwai minshari. Fitsarin dare ma daga nan yake: idan ƙirji yana ja alhali hanya a rufe take, zuciya tana buɗewa kamar ruwa ya yi mata yawa, sai ta saki wani sinadari da ke sa ƙoda ta zubar da ruwa. Maza da yawa suna ɗora laifin a kan mafitsara ko ciwon suga, kuma ya kamata a gwada sugan, amma na sha ganin fitsarin ya ragu da zarar an gyara numfashi. Ciwon kan safe yana biyo bayan daren da iska ba ta shiga ta fita yadda ya kamata ba. Akwai kuma saurin fushi, mantuwa, da raunin da maza ba sa son faɗa, wanda ke kai su wurin masu tallan maganin ƙarfin maza alhali tushen abin a maƙogwaro yake. Idan aka bar cutar, tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki, rikicewar bugun zuciya da ciwon suga.

Ba shi kaɗai ba ne. Wani ƙiyasi da mujallar Lancet ta cututtukan numfashi ta buga a 2019 ya nuna mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 suna da ita a duniya, miliyan 425 daga cikinsu tasu matsakaiciya ce ko mai tsanani. Ta fi kama maza, da masu teɓa da kaurin wuya, da waɗanda shekaru suka fara ja, da masu shan taba. Mata kuma haɗarinsu yana ƙaruwa bayan ɗaukewar al'ada. Siriri ma yana iya samunta idan haɓarsa ƙarama ce ko 'yan tsokokin gefen maƙogwaronsa sun yi girma. Ba ki faɗi nauyin maigida ba, amma da kika ce shekara uku ke nan abin ya ƙazanta, zan so in san ko a cikin shekarun nan ne jiki ya ƙaru.

Maganar dannau

Hajiya ba ta yi kuskure ba da ta ce abin da ya same shi sau biyun nan dannau ne. Amma dannau daban, ɗaukewar numfashin da kike gani kullum daban. A lokacin barcin mafarki, ƙwaƙwalwa tana kashe motsin gaɓoɓi gaba ɗaya, ban da idanu da tantanin da ke tafiyar da numfashi. Rahama ce, don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake mafarki. Wani lokaci hankali yana riga jiki farkawa. Ido biyu, kunne na ji, amma hannu da ƙafa da harshe suna nan a kulle. Tsokar haƙarƙari ba ta dawo aiki ba tukuna, shi ya sa ake jin kamar an ɗora dutse a ƙirji, ragowar mafarki kuma tana iya nuna wa mutum inuwa ko wani a tsaye a bakin ƙofa. Daƙiƙu ne zuwa minti ɗaya ko biyu, ya wuce. Bincike ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa yin sa, a tsakanin ɗalibai kuma ya kai 28 cikin 100, saboda su ne gwanayen raba dare. Abubuwan da ke jawo shi su ne ƙarancin barci, sauya lokacin kwanciya, damuwa, da kwanciya rigingine.

Ga yadda za ki bambance. A dannau, shi ne ya sani ke ba ki sani ba, domin yana kwance shiru yana numfashi. A toshewar numfashi, ke ce kika sani shi bai sani ba. Dannau yana da ban tsoro amma ba ya kisa, kuma a wurin maigidanki ina ganin ɗan rakiya ne: barcin da ake tsinkawa sau ɗaruruwa dole wata rana a tsinka shi a tsakiyar mafarki. Akwai wata cuta ta daban, ta kwatsam barci ya kwashe mutum da rana, wadda ita ma take zuwa da dannau, amma galibi tun ƙuruciya take farawa, kuma mai ita gwiwoyinsa kan saki idan ya yi dariya mai ƙarfi. Labarin maigida bai yi kama da ita ba.

Addu'a da azkar na kwanciya, a ci gaba da yi, ni ma ina yi. Natsuwar da suke kawowa tana rage firgicin dannau. Roƙona kawai kada su zama dalilin jinkirta asibiti.

Shawarwari biyun da suka rage kuwa ina roƙonki ki hana. Ƙwayoyin barci irin su Valium da Lexotan suna ƙara sakin tsokar maƙogwaro, sannan suna dusashe ƙararrawar da ke tashinsa idan iska ta yanke, sai tsayawar numfashin ta ƙara tsawo. Kodin da tiramadol da giya duk sahu ɗaya suke, har ma sun fi muni idan aka haɗa. Idan kwana biyu zuwa uku ne da fara shan ƙwayar, ya ajiye ta. Idan kuwa ya yi makonni yana sha kullum, kada ya yanke lokaci guda, domin hakan na iya jawo jijjiga. A kai wa likita kwalin ya tsara yadda za a rage. Shi kuma belu, ba shi ne ke rufe hanyar ba, a bayan harshe da ganda take rufewa. Wanzami zai yanke shi, a sha zubar jini da haɗarin ciwon hanta daga aska, numfashi kuma ya ci gaba da ɗaukewa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali

Sana'arsa. Mutumin da ke gyangyaɗi ana hira, yana gyangyaɗi a kan titi, ko ya sani ko bai sani ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Runtsawar daƙiƙa huɗu ta isa ta wuce tsawon filin ƙwallo ba mai tuƙa ta. Nazarce-nazarce da dama sun nuna direban da ke da wannan cuta ba ya magani, haɗarin yin hatsarinsa ya ninka na sauran sau biyu ko fiye. Na san abin da direbobi ke yi: goro a kunci, shayi mai kauri a tasha, lemon ƙara kuzari, a sauke gilashi, a ƙure rediyo. Waɗannan suna ɓoye gyangyaɗi na ɗan lokaci, ba sa biyan bashin barci, kuma Bahaushe ya riga ya ce ba a cin bashin barci. Sinadarin da ke cikin goro da shayi da kofi yana ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, saboda haka wanda aka sha da magariba yana nan yana ɓata barcin dare.

Ra'ayina shi ne ya dakatar da doguwar tafiya har likita ya gan shi. Na san nauyin wannan magana, da motar ake ci ake sha. Amma ya fi ya ba wani amintacce ita na 'yan makonni yana kawo masa balas, da a ce ya ɗauki rayukan mutane a hanyar Kaduna yana fama da ido.

Na taɓa duba wani direban babbar mota da matarsa ta matsa masa ya zo. Ya rantse mini barcinsa lafiya lau, ita ce dai mai ƙorafi. Sai ta fito da waya ta kunna bidiyon da ta ɗauka. Muka zauna mu uku muna ƙirgawa, ƙirjinsa na ta fama, har muka wuce daƙiƙa 40 kafin ya ja numfashi. Ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya faɗa mini sau biyu yana farkawa ya tarar da motarsa ta bar hannunta. Tun daga ranar nake ba duk matar da ta kawo irin ƙorafinki shawara ta ɗauki bidiyo.

Abin yi

Ki ɗauki na minti biyar zuwa goma, yadda za a ji sauti a kuma ga ƙirjinsa, ki ƙirga daƙiƙun da yake yi tsit. Ki auna kewayen wuyansa da tef ɗin tela. Ki tattara duk magungunan da yake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ku tafi tare, domin tambayoyin da za a yi ke ce mai amsar rabinsu. Akwai wani ma'auni mai tambaya takwas da aka tsara a Toranto ta Kanada a 2008: minshari mai ƙarfi, gajiya da rana, wani ya ga numfashi ya tsaya, hawan jini, ƙiba mai yawa, wuce shekara 50, wuyan da ya haura santimita 40, da kasancewa namiji. Wanda ya cika biyar yana sahun masu babban haɗari. Daga wasiƙarki kaɗai maigida ya cika biyar, ba a ma auna wuya da nauyi ba.

Ku fara da likitan da ke duba hawan jininsa, ku nemi ya tura ku wurin likitan ƙirji ko na kunne, hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa. Tabbatar da cutar sai da gwajin barci, inda ake maƙala wa mutum na'urori su kwana suna auna numfashi, oksijin da bugun zuciya. Akwai wanda ake yi a asibiti, akwai ƙaramin da ake kwana da shi a gida. Wuraren da ke yin sa a ƙasar nan kaɗan ne kuma da tsada, ba zan ɓoye miki ba. Inda bai samu ba, auna oksijin na yatsa dare guda yana ba likita haske. Za a kuma duba suga, ƙoda da zuciya.

Maganin da ya fi aiki ga mai tsananin cutar shi ne na'urar hura iska da ake kira sifaf, wadda Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Sidni ta Ostareliya a 1981. Ana sa ɗan murfi a hanci, na'urar tana turo iskar ɗaki a hankali ta tokare hanyar kada ta rufe. Wanda ta karɓe shi, cikin 'yan kwanaki yake jin kamar an sauke masa kaya. Hawan jini yana ɗan sauka, amma kada a sa ran zai daina shan magani. Wahalarta kuɗi, sabo da murfin, da wuta, don haka masu amfani da ita a nan sukan haɗa ta da batir ko sola. Kada a sayi ta hannu a kasuwa a ɗora kawai, ƙarfin iskar sai an daidaita shi da mai ita.

Idan yana da ƙiba, rage ta magani ne na gaske. Wani dogon bincike a jihar Wiskonsin ta Amurka, da aka buga a 2000, ya gano rage kashi 10 cikin ɗari na nauyi yana rage yawan tsayawar numfashi da kusan kashi 26. Ga mai kilo 100, kilo 10 ke nan. A nan hannunki yana da tasiri: rage suga a shayi, barin lemon kwalba, da cin tuwon dare da wuri maimakon a ci a kwanta. Kwanciyar gefe ma tana taimakon mutane da yawa, ga shi kuma kwanciya a gefen dama sunna ce. Don kada ya mirgina rigingine, ki ɗinka ɗan aljihu a bayan rigar barcinsa ki sa goruba ɗaya, kuma a ɗaga wajen kan gadon kaɗan. Da hunturu, idan ƙura ta toshe hanci, wanke shi da ruwan gishiri mai tsafta kafin kwanciya yana rage minshari. Akwai abin da likitan haƙori ke ƙerawa a sa a baki ya turo haɓa gaba, ya fi dacewa da mai sauƙi ko matsakaiciyar cuta. Tiyata tana da wurinta idan an ga takamaiman abin da ya tare hanya. A yara ma ita ce kan gaba, saboda haka idan akwai yaronku da ke minshari kullum, baki buɗe, ku nuna shi.

Duk wannan daga wasiƙa nake faɗa, ban ga maigida ba, ban saurari ƙirjinsa ba. Gazawar zuciya ma tana sa numfashi ya riƙa ɗaukewa cikin barci, kuma maganinta daban ne. Idan ƙafafunsa suna kumbura, ko ba ya iya kwanciya sai an tara masa filo, ko ya ji ciwon ƙirji, ko bakinsa ya karkace, ko magana ta harɗe, wannan ba na jiran ranar ganin likita ba ne, a tafi sashen gaggawa nan take.

Ke kuma fa

Ban manta da ke ba. Rashin barcinki yana da sanadi, tsoro ne ya sa kika zama mai gadin numfashinsa. Ki sani ƙwaƙwalwarsa ce ke tashinsa kowane lokaci, ba sai kin taɓa shi ba, matuƙar ba a danne ta da ƙwaya ba. Ɓarnar cutar a hankali take taruwa, zaman dirshan da kike yi ba ya rage ta. Ba laifi ba ne wasu dararen ki kwana a ɗakin yara ki huta. Ki tsayar da lokacin tashi ɗaya, ƙailula kada ta wuce minti 30 kuma a yi ta kafin la'asar, waya ta kwana nesa da filo. Idan kin kwanta barci ya ƙi zuwa, ki tashi ki zauna a wuri marar haske sosai, ki yi tasbihi ko karatu har ido ya yi nauyi sannan ki koma. Kada ki taɓa ƙwayar da aka ba shi. Idan abin ya kai dare uku a mako har wata uku, ko kika ji komai ya fita ranki, ki faɗa wa likita a ranar da kuka je, ke ma a duba ki.

Bidiyon kuma ki nuna masa ku biyu kaɗai, a lokacin da ya huta ya ci abinci, ba a gaban yara ko abokai ba. Idan ya yarda, ku nuna wa Hajiya tare. Uwa idan ta ga ƙirjin ɗanta yana fama iska ba ta shiga, ita da kanta za ta ce a tafi asibiti, kuma ya fi jin maganarta fiye da tawa.